Shaidar Hannu a Kan Tsibin Hatsi

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Damagaram, kuma yana da wata al'ada da na daɗe ina ɗauka rigimar tsufa ce. In la'asar ta yi sanyi, masu awo suka watse, sai ya sa a tattara geron da ya rage a kan tabarma cikin rumfa, ya tsuguna ya shafe tsibin da bayan ƙwarya har ya yi sumul kamar an yaɓe shi. Daga nan ya buɗe tafin hannunsa na dama ya danna a ƙololuwa, ya zagaya ya danna a kowane gefe. Ya karkaɗe hannu, ya ja ƙyauren kwano, ya maƙala wani ɗan kwaɗo da ko yaro zai iya ɓalle shi, ya nufi masallaci.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, "Kawu, wannan hannu da kake dannawa, tsari ne?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wane irin tsari, ɗana? Ba ya hana kowa ɗiba. Amma duk wanda ya ɗiba, da safe zan sani."

Gero ba ya riƙe sirri. Ka cusa tiya a gindin tsibi, na sama ya gangaro, shaidar ta rushe. Ɓarawo kuma ba zai iya mayar da ita ba, don ƙaramin yatsan Kawu ya taɓa karyewa tun yana yaro, ya warke a karkace, kowane dare yana barin wata 'yar ƙugiya a cikin geron da babu hannun da ke da irinta a kasuwar.

Wasiƙa ba haka take ba. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, takardu na fita daga Birni zuwa Kukawa da Kano da Agadas, da hatimin sarki a kansu. Hatimi yana shaida wanda ya aiko, amma ba ya gaya wa mai karɓa ko wani malami a wani zango ya warware takardar cikin dare, ya karanta, ya naɗe ta yadda take. Ido ba ya rage tawada. Shi ya sa mutanen da suka fi dogara ga ɓoyo. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ake kira Abdulkarim, yana zaune a Damagaram cikin Janairun 1853 aka kawo masa kuɗin azurfa dubu daga arewa, an cusa su cikin akwatuna biyu na sukari, har suka shiga hannunsa ba wanda ya farga. Dabara ce mai kyau, sai dai ranar da wani ya yi sha'awar sukari ta ƙare.

Saƙon yau ma wasiƙar ce, sai dai da haske ake rubuta shi. Abin da ka aika ta salula yana gangarawa cikin zaren gilashi da aka binne a ƙasa, irin wanda aka ja daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Magarya har iyakar Najeriya. Kowane harafi yana tafe a kan haske mai tarin yawa. Wanda ya tono zaren ya ɗan lanƙwasa shi, haske kaɗan zai tsiyayo, ya tara ya karanta, sauran ya wuce, mai aike da mai karɓa ba wanda ya ji a jikinsa. Saboda haka ake kulle saƙon da lissafi, a bar mai laɓe ya kwashi abin da ba zai iya buɗewa ba. Amma a 1994 wani masanin lissafi, Peter Shor, ya nuna cewa in aka ƙera kwamfuta irin ta kwantom mai isasshen ƙarfi, babban kwaɗon da bankuna da gwamnatoci ke amfani da shi wajen musayar mabuɗi zai buɗe mata. Har yau ba a ƙera mai wannan ƙarfi ba. Sai dai mai haƙuri yana iya kwasar saƙonnin yau a kulle ya adana, ya jira ranar.

A nan ne dabarar Kawu ta shigo kimiyya. A 1984, a wani taro a Bangalor ta Indiya, Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na Jami'ar Montiriyal suka kawo wata shawara: a daina aika mabuɗin sirri da haske mai yawa, a riƙa aika shi ƙwaya-ƙwaya. Ƙwayar haske ita ce mafi ƙanƙantar abin da haske ke rabuwa ya zama, kamar ƙwayar gero a tsibi, sai dai ita ba ta dakuwa. Kuma tana da wani hali da tawada ba ta da shi: kallo yana taɓa ta.

Ga yadda abin yake. Mai aike yana sakin kowace ƙwaya a ɗaya daga cikin tsayuwa huɗu: a miƙe, a kwance, a jirge dama, ko a jirge hagu. Mai karɓa yana da rariya iri biyu, ɗaya tana bambance miƙe da kwance, ɗaya tana bambance jirgen dama da na hagu, kuma ƙwaya guda ba ta bin rariya biyu. In ya tare ta da rariyar da ta dace, za ta faɗa masa gaskiya. In ya tare ta da wadda ba tata ba, sai ta ba shi amsar da ta zo bakinta, kamar an jefa kwabo sama, ta kuma manta tsayuwarta ta fari har abada. Ba a kuma iya kwafe ta a ajiye kwafin. Tun 1982 masana suka tabbatar cewa wannan ba gazawar na'ura ba ce, haka halittar take.

To, mai aike ya yi ta saki, mai karɓa ya yi ta tara da rariyar da ya ga dama. In sun tara dubbai, sai su yi magana a fili, kowa na ji, su faɗi rariyar da kowa ya ɗauka a kan kowace ƙwaya, ba tare da sun faɗi amsar ba. Inda rariyarsu ta saɓa su zubar, inda ta zo ɗaya, wajen rabi ke nan, su riƙe. Wannan shi ne mabuɗin. Kafin su yi aiki da shi sai su ɗebi kaɗan daga ciki su gwada a fili, kamar yadda mai saye ke cusa hannu cikin buhu ya duba.

Yanzu sa mai laɓe a tsakiya. Dole ya tari ƙwayar ya auna, sannan ya saki wata a madadinta, shi kuma bai san rariyar da aka yi nufi ba. Cikin ƙwaya 100 da za a riƙe, zai kuskure rariya a kan 50. Cikin hamsin ɗin nan, rabi za su isa wurin mai karɓa da amsar da ta saɓa wa abin da aka aiko. Kuskure 25 cikin 100 ke nan, abin da ko makaho ya shafa zai ji. Masu lissafi sun ce in kuskuren ya haura wajen 11 cikin 100, a watsar da mabuɗin a sake wani. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, duk wannan kafin a aika saƙon ne. Ɓarawo ya sha wahala ya sato mabuɗin kwaɗon da ba za a taɓa maƙalawa a ƙofa ba.

A kan takarda babu ƙofar shiga, kuma har yau ba wanda ya karya lissafin. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tun ranar farko bangon ya zo da tsagarsa. A 1989 Bennett da abokansa suka harhaɗa na'urar farko a ɗakin bincike na IBM a jihar New York. Ƙwayoyin sun yi tafiyar wajen santimita 30 ne kacal, ko kamu ɗaya ba su kai ba. Abin dariya, akwatin wutar da ke juya tsayuwar hasken yana ƙara, kuma ƙarar kowace tsayuwa daban. Wanda ke zaune a ɗakin zai iya sanin mabuɗin da kunnensa. Brassard da kansa ya riƙa ba'a da abin, yana cewa na'urarsu ta gagari kowane mai laɓe, muddin kurma ne.

Sauran tsagogin suka biyo. Fitilar leza da ake aiki da ita ba ta iya sakin ƙwaya ɗaya tak kowane lokaci. Wani bi ta saki biyu masu tsayuwa ɗaya, mai laɓe ya zare ɗaya ya ajiye, ya bar ɗayar ta wuce lafiya, ya jira a faɗi rariya a fili sannan ya auna tasa. An toshe wannan tsakanin 2003 da 2005 da dabarar da kowace uwar gida ta sani, ta barin goro ƙirgagge a faifai don a gwada ɗan aike: ana cakuɗa wasu sakin na tarko cikin na gaskiya, a ƙirga nawa suka iso. Wasu kuma suka nuna ana iya harba haske cikin na'urar mai aike, a karanta abin da ya dawo, kamar mai leƙen ɗaki da madubi.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 2010. Wasu masu bincike a jami'ar Toronhem ta ƙasar Nowe, Lars Lydersen da Vadim Makarov, tare da abokan aikinsu na Erlangen a Jamus, suka ɗauki na'urori biyu da ake sayarwa a kasuwa, ta kamfanin ID Quantique na Janeba da ta MagiQ na Amurka. Ba su taɓa lissafin ba. Idon mai karɓa suka nufa.

Idon nan an gina shi ne ya ji ƙwaya guda ya yi ƙyas. Ido mai irin wannan kaifi ba ya jure haske. Maharban dare sun san haka: ka dalle zomo da tocila, sai ya tsaya cak, idonsa buɗe amma ba ya ganin komai sai abin da ka nuna masa. Haka suka yi. Suka dalle idon na'urar da haske marar yankewa, ya daina jin ƙwaya guda, ya koma ba ya motsi sai haske ya wuce wani mizani. Daga nan linzami ya koma hannun mai laɓe. Ya tari ƙwayar mai aike, ya auna da rariyar da ya so, sannan ya tura wa mai karɓa dunƙulen haske da ya auna ƙarfinsa daidai wa daida. In rariyar mai karɓa ta zo ɗaya da tasa, hasken duka ya faɗa ido ɗaya, ya yi ƙyas, ya rubuta abin da mai laɓe ya riga ya rubuta. In ta saɓa, hasken ya rabu biyu, kowane rabi bai kai mizani ba, sai shiru. Shirun kuwa ba ya tayar wa kowa hankali, don dama yawancin ƙwayoyin a hanya suke ɓacewa. A zo gwaji, kuskure bai ƙaru ba, kowa ya yi hamdala, alhali mabuɗin yana hannun mutum uku. Shekarar da ta biyo aka wallafa gwajin da aka yi a harabar Jami'ar Ƙasa ta Singafo, a kan zare mai tsawon mita 290, inda kayan mai laɓen da ke shiga cikin akwatin tafiya guda suka kwashe mabuɗin kaf ba tare da an ankara ba.

Da na karanta wannan sai da na ajiye takardar, don na san labarin. A ƙarshen shekarun Kawu a kasuwa, geronsa ya riƙa raguwa, tiya biyu yau, uku gobe, shaidar hannu kuwa kullum tana nan. Ya zargi awo, ya zargi ɓeraye, har ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa. Wata asuba na raka shi, ya ɗaga fitilar ƙwai ya duba tsibin ya ce lafiya lau. Na durƙusa na duba. Hannu ne, yatsu biyar, amma ƙaramin a miƙe yake sambal. Ashe yana ce ke rufe idon Kawu a hankali, wani na kusa ya lura kafin shi, ya gane cewa yanzu kowane hannu ya wadatar. Gero bai yi ƙarya ba, ya rushe duk daren da aka taɓa shi. Mai karanta shi ne ya daina gani. Kawu bai tona wa kowa asiri ba. Cewa ya yi, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari." Daga ranar ya sa nake duba masa.

A yi wa masu na'urorin adalci. Waɗanda suka fasa su ba ɓarayi ba ne, masu bincike ne, kuma sun sanar da kamfanonin kafin su bayyana wa duniya, aka yi gyara. A 2012 aka fito da wani sabon tsari wanda ko da idon yana hannun abokin gaba ba zai samu komai ba. Ni a ganina wannan fashe-fashen shi ne abin da ya fi kowace talla ba da natsuwa. Kwaɗon da aka bar maƙera suka yi ta duka a bainar jama'a ya fi wanda mai shi ke rantsuwa a kansa ba ya bari a taɓa. Duniya ta ga irin na biyun: a Fabrairun 2020 ta bayyana cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙo, hukumomin leƙen asirin Amurka da Jamus ta Yamma ne suka saye shi a ɓoye a 1970. Ƙasar da ba ta ƙera nata, ba ta kuma da 'ya'yan da za su kwance na saye su duba cikinsa, ta riƙe wannan labari.

Akwai kuma tsagar da haske ba ya iya toshewa, kuma Damagaram ta san ta fiye da kowa. Duk bayanin da na yi ya ginu a kan cewa wanda kake magana da shi a fili shi ne wanda kake zato. In mai laɓe ya yanke zaren gaba ɗaya, ya zauna a tsakiya, ya ce wa wannan ni ne wancan, ya ce wa wancan ni ne wannan, sai ya ƙulla mabuɗi mai tsabta da kowannensu, ba kuskure ko ɗaya. Aikin tafinta ke nan in ya so ɓarna. A 1906, Faransawan da ke Zinder suna cikin fargaba bayan tawayen Satiru kusa da Sakkwato, labari ya iske su cewa Sarki Amadu ɗan Basa da attajiri Malam Yaro da wasu manya suna shirin hallaka su. Aka kama su, aka tuɓe sarkin aka kai shi Kodebuwa, aka ɗora wani da ake kira Ballama riƙon gari. André Salifou ya yi rubutu a kan wannan makirci, Camille Lefebvre ta sake bin takardun shari'ar a 2017, kuma har yanzu ana muhawara a kan nawa ne shiri na gaske, nawa ne ƙulli na fada. Abin lura shi ne, maganar da ke ƙetarawa tsakanin Faransawan da sarki ta bakin tafinta take bi. Maganin wannan a kimiyyar haske tsohon magani ne: sai mutum biyun sun riga sun raba wani ɗan sirri tun farko, hannu da hannu, wanda za su riƙa gane juna da shi.

Sai maganar nisa. Haske a cikin zare yana raguwa da rabi duk bayan wajen kilomita 15. Saƙo na yau da kullum ana ƙara masa ƙarfi a hanya, amma ƙwayar da ba ta kwafuwa ba ta ƙaruwa. Daga Zinder zuwa Magarya, kusan kilomita 90, ƙwaya ɗaya cikin sittin da wani abu za ta isa. Zuwa Yamai kuwa, wajen kilomita 900, ko ana sakin biliyan guda kowace daƙiƙa, sai a shekara fiye da 30 ana jiran ɗaya. Don haka layin da Sin ta buɗe a 2017 tsakanin Bejin da Shanghai, mai kilomita 2,000, an yanka shi tasha 32, kuma a kowace tasha mabuɗin yana sauka a buɗe kafin ya sake ɗaukar hanya. Zango-zango ke nan, irin na ayarin da ke tashi daga Kano ya sauka a unguwar Zango ta Damagaram, ya bi Damargu da Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Tsakanin zango da zango haske ya tsare maka, amma a cikin zango amanar fatoma ce kawai. Tauraron ɗan'adam ma, irin Micius da Sin ta harba a 2016, ko ƙaramin da ya haɗa ta da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a nisan kilomita 12,900 kamar yadda aka bayyana a 2025, fatoma ne da ke shawagi a sama. Wanda ya mallake shi yana iya sanin abin da aka ba shi ajiya.

Waɗannan dalilai suka sa hukumar tsaron saƙonni ta Amurka da ta Ingila ba su goyi bayan dogara da wannan hanya ba, kuma a farkon 2024 takwarorinsu na Faransa da Jamus da Holan da Suwidin suka fitar da matsaya guda, cewa a fi ba sabbin kwaɗunan lissafi muhimmanci, irin waɗanda Amurka ta fitar da ƙa'idojinsu cikin Agustan shekarar. Sin kuwa ta ci gaba da zuba kuɗi a kan haske. Ni dai da za a tambaye ni abin da ya kamaci Nijar, ba sayen na'ura zan ce ba. A fara da yaran Jami'ar André Salifou da ke nan Zinder, a ba su lissafin da kayan gwaji, su koyi fasawa kafin wani ya zo mana da talla.

Kafin nan, akwai laɓen da ba ya bukatar leza. Ka zauna rumfar mai shayi a tashar mota ranar Alhamis, ranar da kasuwar Dole ke cika, ka ƙirga mutum nawa za su ɗaga salula su faɗa wa na ƙauye lambar karɓar kuɗi da ƙarfi, da sunan mai karɓa, da yawan jikkunan, har su maimaita don layi ba kyau. Ɗan'uwa, in lambar za ka faɗa, tashi daga kan bencin tukuna.